Zaburar da Firosesa da Daidaita Matsin Lantarki a Ƙasa Mai Zafi: Misali Daga Fakku

1.0 GABATARWA

Galibin bayanan da ake koyon sarrafa kwamfuta da su an rubuta su ne a ƙasashen da zafin ɗaki yakan tsaya tsakanin digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba a ɗauke wuta sai nadiran. Idan marubucin irin wannan bayani ya ce ana iya ƙara wa kwamfuta gudu ba tare da wata illa ba, to ya yi magana ne gwargwadon yanayin ɗakinsa. Ɗalibanmu kuwa sukan karanta maganar, su ɗauke ta kamar yadda take, sa'an nan su zo suna tambayarmu adadin da za su sa wa tasu na'urar.

Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana abin da ke faruwa a cikin firosesa idan an ƙara masa gudu, mu kuma nuna cewa a yanayi irin namu matsin lantarki da zafi su ne abin kula kafin gudu. Mun ɗauki Fakku, a ƙaramar hukumar Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato, a matsayin misali saboda dalilai uku. Na farko, zafin bazara a wannan yanki yakan kai digiri 40 ko ya haura a watannin Maris, Afrilu da Mayu. Na biyu, mai kwamfuta a irin waɗannan garuruwa yakan dogara da janareta ko sola a yawancin lokuta, don haka kowane wat da na'ura ta sha kuɗi ne. Na uku, idan firosesa ya lalace, neman madadinsa yana nufin tafiya Tambuwal, daga can kuma zuwa Sakkwato, ko a yi saƙo Kano ko Ikeja. Kuskuren da wani zai gyara cikin yini guda a babban birni yana iya tsayar da aikin makaranta ko shago na makonni a nan.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu daidaita a kan kalmomin da za mu yi amfani da su, tun da yake wasunsu ba su zauna sosai a Hausa ba tukuna.

Firosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau ɗan falle mai ɗauke da biliyoyin mitsi-mitsin makunnai da ake kira taransista. Waɗannan makunnai ba sa motsi barkatai, suna bin bugun wani agogo ne, kamar yadda masu gayya ke bin kiɗa. Yawan bugun a cikin sakan guda shi muke kira gudu, ana kuma auna shi da MHz, watau bugu miliyan ɗaya, ko GHz, watau bugu biliyan ɗaya. Gudun firosesa yana fitowa ne daga lambobi biyu: tushen bugu, wanda a na'urorin yau yakan kasance 100 MHz, da maninki. Idan maninki ya zama 40, gudu ya zama 4.0 GHz ke nan.

Tilasta wa firosesa gudun da ya wuce wanda maƙera suka tsara shi muka kira zaburarwa, bisa aro daga zaburar da doki. Ƙarfin da ke tura lantarki cikin waya mun kira shi matsin lantarki, ana auna shi da bolt. Yawan lantarkin da ke wucewa shi ne kwarara, ana auna ta da amfiya. Idan aka ninka matsi da kwarara sai a sami wat, kuma kusan duk wat ɗin da firosesa ya sha zafi yake komawa. Rage wa firosesa matsi ƙasa da wanda ya zo da shi mun kira shi sassautawa. Ɗorewa kuma ita ce na'ura ta riƙa ba da amsa daidai, a kowane irin aiki, shekara da shekaru.

3.0 ASALIN ZABURARWA DA INDA TA TSAYA A YAU

Firosesoshi ba sa fitowa daga masana'anta iri ɗaya, ko da falle guda aka yanko su. Wani yana iya gudu da ɗan matsi, wani sai an ƙara masa. Saboda haka kamfani yakan sa adadin da ya tabbata dukkansu za su ɗauka, ya bar rara. Wannan rara ita masu zaburarwa ke farauta.

Shahararren misali shi ne Celeron 300A da kamfanin Intel ya fitar a 1998. Maninkinsa 4.5 ne, tushen bugunsa kuwa 66 MHz, gudunsa ya kama 300 MHz. Masu saye da yawa sun gano cewa idan suka mai da tushen bugu 100 MHz, firosesan yana kaiwa 450 MHz lami lafiya, watau ƙarin kashi 50 cikin 100, daidai da gudun Pentium II mai tsada ƙwarai a lokacin. Daga irin wannan nasara ne zaburarwa ta yi suna.

Amma al'amari ya canja. A 2004 Intel ya soke shirinsa na fitar da Pentium 4 mai gudun 4 GHz, daga nan kuma masana'antar ta karkata ga yawaita cibiyoyin aiki a cikin firosesa guda maimakon ƙara gudu kawai, domin zafi ya zama shinge. A 2008 Intel ya shigo da Turbo Boost, daga baya AMD ya kawo Precision Boost tare da Ryzen a 2017. Da waɗannan dabaru firosesa da kansa yake auna zafinsa da wutar da yake sha, ya ƙara gudu idan da hali, ya rage idan babu. Ma'ana, kamfanonin sun riga sun cinye mafi yawan rarar da ake farauta a da, abin da ya rage wa mai zaburarwa da hannu ɗan kaɗan ne. Gaskiya ne cewa a ƙarshen 2022 an kai Core i9-13900K gudun da ya ɗara 9 GHz, to amma an yi haka ne da ruwan hiliyom mai tsananin sanyi, na ɗan lokaci, don gasa.

Har ila yau, ba kowace kwamfuta ce ke karɓar zaburarwa ba. A ɓangaren Intel sai firosesa mai harafin K tare da babban allo, watau madabod, na jerin Z. Kwamfutocin ofis na gwanjo irin su Dell OptiPlex da Lenovo ThinkCentre, waɗanda aka saba gani a makarantu da shagunan buga takardu, a kulle suke zuwa ta wannan fuska. Duk da haka abin da za mu faɗa game da zafi da wuta ya shafe su.

4.0 DANGANTAKAR GUDU DA MATSI DA ZAFI

Kowane taransista yana bukatar ɗan lokaci kafin ya kammala juyawa daga kashe zuwa kunne. Idan aka ƙara gudu, lokacin ya taƙaita, sai wani makunni ya kasa gamawa kafin bugu na gaba ya iso, daga nan lissafi ya ɓaci. Maganin wannan shi ne a ƙara matsi don juyawar ta yi sauri. A nan ne matsalar take, domin wutar da firosesa ke sha wajen aiki tana hawa daidai da gudu, amma tana hawa da murabba'in matsi, watau matsi sau matsi.

Bari mu buga misali da lambobin da muka ƙaddara don sauƙin lissafi. Mu ƙaddara firosesa yana gudu 4.0 GHz a kan bolt 1.20, yana shan wat 95. Aka zabure shi zuwa 4.6 GHz, ya ƙi tsayawa sai a kan bolt 1.35. Gudu ya ƙaru da kashi 15 cikin 100. Matsi ya ƙaru da kashi 12.5, murabba'insa kuwa ya ƙaru da wajen kashi 27. Idan aka haɗa biyun, wuta ta ƙaru da wajen kashi 46 cikin 100, watau daga wat 95 zuwa wajen 138. An biya kashi 46 ke nan don a sami kashi 15.

Abu na biyu da ake mantawa shi ne cewa fanka da ƙarfen da ke tsotse zafi ba sa ƙirƙirar sanyi. Aikinsu shi ne su miƙa zafi ga iskar ɗaki, don haka zafin firosesa kullum zafin ɗaki ne da ƙari a kai. Mu ƙaddara ƙarin digiri 45 ne a wat 95. A wat 138 zai zama wajen digiri 65. A ɗaki mai digiri 25, firosesan zai tashi daga 70 zuwa 90, yana nan ƙasa da iyakarsa. A ɗaki mai rufin kwano a Fakku da azahar ɗin watan Afrilu, idan muka ƙaddara digiri 42, zai fara ne daga 87 tun ba a taɓa shi ba, zaburarwa kuma ta nemi kai shi 107. Iyakar yawancin firosesoshin tebur na Intel digiri 100 ce, ta Ryzen 7000 kuwa 95. Da ya kai iyaka sai ya ja da baya da kansa don ya tsira. Sakamakon haka, mai na'ura ya ƙona fetur, ya gasa firosesa, gudun da ya nema kuma bai tabbata ba. Sauri ya haifi nawa.

Idan muka juya lissafin sai mu ga amfanin sassautawa. A bar gudu a 4.0 GHz, a rage matsi daga bolt 1.20 zuwa 1.12. Wuta za ta ragu da wajen kashi 13 cikin 100, ta koma wajen wat 83, zafi kuma ya sauko daga 87 zuwa wajen 81, alhali aiki bai ragu ba. A firosesan zamani da ke zaɓar gudunsa gwargwadon zafi, sau da yawa sassautawa takan sa ya daɗe a kan babban gudu fiye da da.

5.0 YADDA FIROSESA KE TSUFA

Akwai zaton cewa abin da ba shi da gaɓa mai motsi ba ya tsufa. Wannan zato ba daidai ba ne. Wayoyin da ke haɗa taransistoci sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba, kwararar da ke ratsa firosesa kuwa babba ce: mai shan wat 200 a kan bolt 1.25 yana jan amfiya 160. Irin wannan kwarara tana tura ƙwayoyin ƙarfen wayar sannu a hankali daga wani wuri zuwa wani, kamar yadda ruwa ke zaizaye gaɓar rafi, har wuri ya sirance ko ya tsinke. James Black na kamfanin Motorola ya tsara lissafin wannan zaizaya a 1969, ya nuna cewa rayuwar waya tana raguwa idan kwarara ta yi yawa, kuma zafi yana gaggauta raguwar matuƙa. Su ma taransistocin, matsi da zafi suna canja halinsu a hankali, har su riƙa bukatar ƙarin matsi don aikin da suke yi a da cikin sauƙi. Wannan ne dalilin da zai sa na'urar da ta ci jarrabawa bara ta fara sandarewa bana a kan saitin nan dai.

Abubuwa biyu da suka faru kwanan baya sun tabbatar da haka. A watan Afrilu na 2023 an sami rahotannin ƙonewar wasu firosesoshin Ryzen 7000X3D, AMD kuma ya fitar da gyaran da ya taƙaita matsin wani sashe na firosesan a kan bolt 1.3. A 2024 kuma masu amfani da Core na zubi na 13 da na 14 sun yi ta ƙorafin sandarewar na'urori. A watan Yuli na shekarar Intel ya bayyana cewa firosesoshin suna neman matsin da ya wuce kima. A watan Agusta ya fitar da gyara mai lamba 0x129 wanda ya hana neman fiye da bolt 1.55, a watan Satumba ya biyo da 0x12B, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Kamfanin ya bayyana cewa tsufan da matsi da zafi suka haddasa a da'irar agogon firosesan shi ne tushen matsalar, kuma gyaran ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu.

Darasin da ke nan a fili yake. Idan kamfanonin da suka ƙera abin, da dukkan ɗakunan gwajinsu, sun iya yin kuskuren ɗan ɓarin bolt har ya jawo asara, to ɗalibin da ya kwafo lamba daga intanet ya fi kusa da kuskure. Bugu da ƙari, zaburarwa tana iya soke garanti, wanda ya sayi na gwanjo kuwa da ma ba shi da inda zai mayar.

Sassautawa ma tana da iyaka. A watan Disamba na 2019 masu bincike daga jami'o'in Birmingham da Graz da Leuven sun bayyana wata kafa da suka kira Plundervolt, inda suka nuna cewa rage matsi fiye da kima yana sa firosesa ya ba da amsar ninkawa ba daidai ba, ba tare da ya tsaya ba. Bayan haka aka rufe damar sassautawa a na'urori da dama. Wannan kuskure na shiru ya fi sandarewa haɗari a wurinmu malamai, domin na'urar da ta mutu kowa ya gani, amma wadda ta gurɓata fayil ɗin sakamakon jarrabawa tana ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru.

6.0 WUTAR BANGO DA ƘURA

Ya kamata mu raba matsin da ke bango da matsin da ke isa firosesa, domin ana yawan cakuɗa su. Wutar Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Akwatin wutar kwamfuta yana mai da ita bolt 12 da 5 da 3.3, sa'an nan wata da'ira a kan babban allo ta sauko da bolt 12 zuwa ɗaya da ɗoriya da firosesa ke bukata. Saboda haka ƙara wa firosesa matsi ba ya maganin wutar da ta zo ba ƙarfi. Akwatin wuta yana iya riƙe na'ura na wajen kashi 1 cikin 60 na sakan kawai idan wuta ta yanke, kuma firosesan da aka zabura yana zuƙe wannan ɗan tanadi da sauri. Maganin wannan ɓangare shi ne akwatin wuta mai inganci da UPS ko inbata mai kyau. A kuma lura cewa wasu tsofaffin akwatunan suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wanda ya zo daga Amurka a kan 115, aka jona shi a nan ba a juya ba, nan take yake ƙonewa.

Ƙura kuwa ita ce abokiyar gaba ta biyu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana toshe tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, sai bazara ta iske na'ura a shaƙe. Wanda ya yi saitinsa a sanyin Janairu, ya ga komai lafiya, zai gamu da zafi da ƙura a lokaci guda a Afrilu.

7.0 MATAKAN DAIDAITAWA

Bisa abin da ya gabata, ga tsarin da muke ba da shawarar a bi:

(a) A fara da tsabta. A hure ƙura, a sake man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya idan ya bushe, a tabbata fankoki suna juyawa. Sau da yawa wannan kaɗai yana saukar da zafi fiye da duk wani saiti.

(b) A sabunta BIOS, musamman ga firosesoshin da muka ambata a sashe na 5.0, amma kada a fara sai da UPS ko batir mai caji, domin yankewar wuta a tsakiyar sabuntawa tana iya kashe babban allo. A kuma koyi yadda ake mai da saiti na asali ta hanyar share CMOS.

(c) A auna na'ura yadda ta zo, a rubuta gudu da matsi da wat da zafi, tare da zafin ɗaki. Manhajar HWiNFO tana nuna yawancin waɗannan.

(d) A sa iyakar wat kafin komai. Wasu alluna suna zuwa da iyakar a buɗe. A mai da ita yadda maƙerin firosesa ya tsara, ko ƙasa da haka.

(e) A sassauta matsi kaɗan-kaɗan, misali bolt 0.010 zuwa 0.020 a kowane mataki, ko ta hanyar Curve Optimizer da AMD ya shigo da shi a 2020. Abu guda ake canjawa a lokaci guda. Saitin ram na XMP ko EXPO shi ma zaburarwa ce, don haka a gwada shi daban da MemTest86.

(f) Kada a ƙure saitin da ke hana matsi sauka a lokacin aiki mai nauyi. Wannan sauka da gangan aka tsara ta, don idan aikin ya yanke farat ɗaya matsi kada ya yi tsalle ya wuce kima.

(g) A gwada na sa'o'i da Prime95, manhajar da George Woltman ya fitar a 1996 don neman manyan lambobi marasa rabuwa. Amfaninta shi ne tana bincika daidaiton amsarta, don haka tana kama kuskuren shiru. Sa'an nan a gwada da aiki mara nauyi na kwanaki, domin matsalar sassautawa takan fi bayyana lokacin da na'ura ke hutawa ko take farkawa. A duba rajistar Windows ko akwai kurakuran WHEA.

(h) Idan an gano inda kuskure ya fara, a koma baya mataki biyu, domin a bar wa tsufa gurbi.

(i) Gwajin ƙarshe a yi shi da rana tsaka a bazara, a ɗakin da na'urar za ta zauna, da wutar da za ta riƙa amfani da ita. A maimaita kowace shekara bayan hunturu.

Wanda duk da haka yake son zaburarwa don koyo, ya yi ta a kan na'urar da ba a dogara da ita ba, ya sa wa kansa iyakar zafi da ta gaza ta kamfani da digiri 10 zuwa 15. Na'urar da ake ajiye sakamako ko rajistar ɗalibai, ko wadda ake rubuta jarrabawa a kanta, kamar yadda jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ba wurin gwaji ba ce.

8.0 KAMMALAWA

A wannan takarda mun ga cewa gudu yana hawa ne a kan matsi, matsi yana haifar da zafi ninkin-ba-ninkin, su biyun kuma suna tsofar da firosesa tsufan da ba ya komawa. Mun ga cewa rarar digiri 15 zuwa 20 da masu rubuta bayanan zaburarwa ke dogara da ita, bazarar Fakku ta riga ta cinye ta. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malaman ilmin kwamfuta a kwalejojin ilmi da su sa wannan batu cikin darasin kula da na'ura, su koyar da lissafin sashe na 4.0 da ma'aunin zafi a hannu, kowane ɗalibi ya auna ɗakin da zai je ya koyar. Muna kuma gabatar da kalmomin zaburarwa da sassautawa da matsin lantarki ga masana harshe da ke wannan taro, domin su tace su, ko su ba mu waɗanda suka fi su dacewa.